Fiɗar babbar dabba a daji ba mataimaki

Ranar layya sa guda mutum huɗu ko biyar ke taruwa a kansa. Wannan ya riƙe ƙafa, wancan ya danne wuya, wani ya ja fata, yara na tsaye da kwanoni. A daji kuwa, in dabba mai kilo 200 ko fiye ta kwanta a gabanka kana kai kaɗai, duk waɗannan hannuwa babu su, ga rana tana yin sama. Abin da zan zayyana a nan shi ne yadda nake bi da aikin, tun daga isa wurin dabbar har ɗora nama a kan babur ko jaki.

Gaskiya ita ce manyan namun daji sun yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar Katsina da Daura. Gada da barewa, waɗanda ba su cika wuce kilo 15 zuwa 35 ba, mutum ɗaya na saɓa su a kafaɗa. Mazo kan kai kilo 40 zuwa 70. Gwanki ne babba, tsakanin kilo 220 da 300, shi kuma yanzu sai a gandun daji irin Yankari, inda farauta laifi ce. Akwai dokar namun daji ta Arewa tun 1963, an kuma kafa ta tarayya a 1985 mai kare dabbobin da ke neman ƙarewa, don haka maharbi ya san abin da aka halatta masa kafin ya ɗana. Abin da ya fi samun mutanenmu yau shi ne bijimin huɗa da ya karye a gona mai nisa, ko saniya da ta zurma kwazazzabo a hanyar dawowa daga kara, ta Mai'aduwa ko ta Charanchi, dole a yanka ta a inda take. Aikin duk ɗaya ne, ko gwanki ne ko farar saniya, sai ɗan bambancin tozo da ƙaho.

Ka'idar da nake aiki da ita guda ce: ba na ɗaga dabbar. Rage ta nake yi a inda ta kwanta har ta zama gunduwa-gunduwa da zan iya ɗauka. Dubi lissafin dabba mai kilo 250. Jinin da zai zuba wajen lita 8 zuwa 10 ne. Kayan ciki da toroson da ke cikinsu sun kai kilo 55 zuwa 65, mafi yawansu a tumbi. Fata kusan kilo 18, kai da ƙafafu wajen 20. Abin da ya rage na nama da ƙashi wajen kilo 137 zuwa 149 ne, kuma shi ma rabuwa yake yi: kowace cinya kilo 25 zuwa 30, kowace karfata 15 zuwa 18, saura wuya, awaza da gadon baya. Ka ga babu gunduwa ko ɗaya da ta kai buhun siminti. Wanda ya tsaya kokawa da kilo 250 a dunƙule, ƙugunsa zai ba shi labari kafin ya kai gida.

Kayan da nake tafiya da su ba su da yawa. Wuƙa biyu, ƙarama mai tsini don buɗe ciki da raba gaɓoɓi, da mai faɗin baki don fiɗa, sai dutsen washi, domin gashi da fata na dakushe wuƙa da sauri. Barandami ko ƙaramin gatari. Igiyar nailan mai kaurin milimita 10 zuwa 12, tsawon mita 15, da gajeru guda huɗu masu mita uku-uku. Zare mai ƙarfi na ɗaure maƙoshi da hanji. Tamfol, buhunan algarara wankakku huɗu ko biyar, jarkar ruwa, gishiri kamar mudu biyu, tocila. In akwai kurar rijiya guda biyu, irin wadda ake zarga igiyar guga a ciki, ina jefa su cikin jaka. Turaku da gwafa a wurin nake sara.

Isa wurin dabbar shi ne wuri na farko da ake jin ciwo. Ta bayan gadon bayanta nake zuwa, ban da gefen ƙafafu, ban da gaban ƙaho. Ƙahon gwanki baya ya lanƙwasa, kuma yana iya sharo shi har kafaɗarsa yana kwance. Ina taɓa idon da doguwar sanda. Idon da ke buɗe bai ƙifta ba, rai ya fita. Idon da ke rufe ruf, kada ka yarda da shi. In da sauran rai, sai na fara da tarnaƙi: zarge a ƙafar baya ta sama, in jawo ta in haɗa da ta gaba in ɗaure, duk ina tsaye ta baya. Sannan igiya a gindin ƙaho, a ja kan baya a ɗaure a turke ko gindin itace har wuya ya miƙe. Wuyan da bai miƙe ba fatarsa tattarewa take yi a bakin wuƙa, sai mutum ya ɗaga hannu kafin ya gama, abin da malamanmu na Malikiyya ke gargaɗi a kai. A yi bisimilla da kabbara, a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ta gaba, a ja guda. Kwantar da dabba a kan hagunta tana fuskantar alƙibla abin so ne, wato kai arewa maƙogwaro gabas, amma ba sharaɗi ba ne, kuma mutum ɗaya ba zai juya sa mai rai don wannan ba. Wadda ta faɗo daga tudu har lakarta ta tsinke ko hanjinta ya fashe tana da hukunci dabam a mazhabarmu, wannan kam a tambayi malami tun kafin ranar ta zo.

Bayan yanka ina ja da baya in jira. Shure-shuren bayan yanka na karya ƙaurin mutum. Sai jini ya tsaya, wutsiya ta saki, sannan in kwance tarnaƙin.

Akwai dabbar da ba a sa mata wuƙa sam. Wadda aka tarar ta faɗi farat ɗaya ba rauni, ciki ya kumbura da wuri, baƙin jini mara daskarewa na fita ta hanci, baki ko dubura, wannan alamar ciwon saifa ce, cutar antiraks, wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja cikin Yulin 2023. Buɗe irin wannan gawa na watsa ƙwayar cutar cikin ƙasa ta yi shekaru, kuma tana kama mutum ta ɗan ƙurji a hannu. A bar ta, a sanar da malamin dabbobi.

Kafin in taɓa fata, ƙasar wurin nake karantawa. Ina gangare yake, ina inuwa za ta koma nan da awa biyu, wane itace ne zai riƙe igiya. So nake cikin dabbar ya kalli gangare, bayanta ya kalli tudu, kai kuma ya ɗan fi ƙugu tudu. Ko gangaren taki ɗaya ne yana aiki, domin shi zai fitar maka da kilo 60 na kayan ciki ba tare da ka ɗauka ba. In wurin shimfiɗe yake, kamar jigawar Daura, sai in haƙa ɗan rami mai zurfin kamu ɗaya a gaban cikin in shimfiɗa tamfol a ciki. Juya dabbar a wuri ɗaya ya fi jan ta sauƙi nesa ba kusa ba: ka kama ƙaho ka ja gaban ya zagaya, ƙugu na nan a inda yake. In ta kama dole a ja ta zuwa inuwa, ta kai ake ja, yadda gashi ya kwanta, a ɗaure ƙafafun gaba a jikin ƙaho don kada su riƙa tokare ƙasa.

Igiya kuwa, jan ta kai tsaye ƙarfin mutum ɗaya kawai take ba ka. Ga yadda nake ninka shi. Bakin igiya ɗaya a jikin dabba. In kai igiyar in zagayo gindin itace in dawo. A jikin igiyar da ta taso daga dabbar, kusa da ita, in ƙulla ɗan kunne, in zura bakin da ya dawo ta ciki, sannan in ja zuwa wajen itacen. Irin ɗaurin da direbobin manyan motoci ke tamke kaya da shi ke nan. A lissafi ƙarfinka ya ninka uku, amma gogar igiya da ɓawon itace da cikin kunnen na cinye kaso mai yawa, abin da ke zuwa hannu bai fi ninki biyu ba. Sa kurar rijiya a gindin itacen da kuma a wurin kunnen, sai ka kusa samun ukun. Inda babu itace, turke ne: ƙirya ko marke mai kaurin damtse, tsawon kamu biyu, a kafa shi a karkace kansa na kallon nesa da dabbar. A rairayi turke ɗaya tumɓukewa yake yi. Sai a kafa biyu a jere, a ɗaure kan na gaba da gindin na baya. A tuna kuma nailan na miƙewa kafin ya ja, kuma kowane ƙulli na rage masa ƙarfi. Kada ka tsaya a saitin igiyar da ke ɗaure tam, kada kuma ka naɗe ta a hannu.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma yanayi ne ke zaɓa mini. Ta farko, a buɗe ciki tukuna. Ta biyu, a bar ciki a rufe, a feɗe gefen sama a cire karfata da cinya da naman baya, a juya a yi wa ɗaya gefen haka, sai a ƙarshe a buɗe ciki. Ta biyun ta fi tsabta, toroso ba ya kusantar nama. Amma tumbi ba ya daina aiki don dabba ta mutu. Ciyawar da ke ciki na ci gaba da ruɓa tana fitar da iska da zafi, kuma a watan Afrilu, da zafin Katsina ke haura digiri 40, cikin awa guda za ka ga ciki ya yi tam. Cikin da ya kumbura, da tsinin wuƙa ya taɓa shi sai ya fashe maka a fuska, hanta da ƙoda kuma sun riga sun fara sauya wari. Mu kuwa ba masu zubar da kayan ciki ba ne. Saboda haka hanya ta biyu sai da sanyin safiyar hunturu nake bin ta. Da bazara ko damina ciki nake fara buɗewa, ba na ko shawara.

Ina barin dabbar a kan hagunta, domin tumbi a hagu yake, in yana ƙasa zamewa zai yi waje ba tare da ya bi ta kan hanji ba. Ƙafar baya ta sama in ɗaure ta a sama da kofato, in ja ta sama da baya zuwa itace ko turke. Ta gaba ma haka. In igiyar ta kwanta da yawa, gwafa a ƙarƙashinta na ɗaga ƙafar. Yanzu cikin ya buɗe gabana, hannuwana biyu kuma babu abin da suka riƙe.

Daga wurin yanka nake somawa. In tsaga fatar wuya a tsaye zuwa ƙirji, in lalubo maƙoshi, wato jan bututun abinci da ke manne a bayan maƙogwaro, in raba shi da yatsa, in ɗaure bakinsa tam da zare. Wanda ya tsallake wannan, da ya danna tumbi koren ruwa zai kwararo ta wuya ya ɓata naman ƙirji. Sai in koma baya, in zagaye dubura da ƙaramar wuƙa, bakin wuƙar na bin jikin ƙashi, zurfin kamar tsawon yatsa biyu, har hanjin ya saki in iya jawo shi kaɗan in ɗaure. In mace ce, a zagaye duka biyun tare. Mafitsara na nan kusa a cikin ƙashin ƙugu, a bi a hankali. Namiji kuma a feɗe mazakutarsa a mayar da ita baya ba tare da an yanke ta a tsakiya ba. Hantsa mai nono a cire ta gaba ɗaya, nono na saurin lalata nama.

Tsagar ciki sau biyu ce. Ta farko fata kaɗai, daga ƙashin ƙirji zuwa tsakanin cinyoyi, bakin wuƙa na kallon sama yana yanka daga ciki zuwa waje, don kada gashi ya yanku ya watsu. In feɗe fatar kamu ɗaya kowane gefe in naɗe ta baya. Ta biyu ita ce ta naman ciki. In ɗan huda kusa da ƙugu, inda tumbi bai matsa ba, in zura yatsu biyu na hagu su tura kayan ciki ƙasa, wuƙa a tsakaninsu bakinta sama, in tafi sannu har ƙashin ƙirji. Tumbi zai fara turowa da kansa. Kada ka ja shi da ƙarfi, yagewa yake yi. A manne yake ta sama, wajen ƙashin baya a gefen hagu, tare da saifa. Zura hannu ka raba da yatsu, inda ya ƙi ka taɓa da wuƙa. Sannan ka yanke tantanin da ya raba ƙirji da ciki, kana bin jikin haƙarƙari. Ka miƙa hannu can cikin ƙirji ka kamo maƙoshi da maƙogwaro ka jawo su baya, huhu da zuciya za su biyo. A nan ne hannuwa biyu ke cikin duhu tare da wuƙa, kuma a nan aka fi yanke yatsa, don haka hannun hagu ya riƙe can gaba, wuƙa ta yi aiki a bayansa. Daga ƙarshe ka jawo hanjin da ka ɗaure ta cikin ƙugu. Komai zai gangara kan tamfol, ka ja tamfol ɗin gefe.

Hanta nake fara warewa. Maɗaciya na manne a jikinta, a kama wuyanta a ɓare ta daga sama, in ta fashe duk inda ta taɓa ya yi ɗaci. Raƙumi dai ba shi da ita, kada wanda ya yanka shi ya ɓata lokacin nema. Ina tsaga hantar in duba tsutsa a cikin jijiyoyinta, in shafa huhu in ji ko akwai ƙulli-ƙulli masu tauri ko masu ruwan cuku a ciki, alamar tarin fuka. In na ga haka, ko na ga huhu ya manne da haƙarƙari, naman sai malamin dabbobi ya gani. Tumbi kuwa nesa da wurin aiki nake jan sa, ta inda iska ke tafiya, in tsaga in zazzage. Toroson da ya zube can shi zai janye ƙudaje daga kan nama, tumbin da ya fi ƙarfin ɗauka kuma ya koma abin da hannu ɗaya ke riƙewa. Idan tumbi ya fashe a ciki duk da haka, kada a kwarara ruwa, ruwan ne zai kai ƙazantar inda ba ta kai ba. A kwashe da hannu, a goge da tsumma, a yanke wurin da ya ɓaci.

Sanda mai tsawon kamu ɗaya a tokare bakin cikin ya zauna a buɗe, iska ta shiga.

Yanzu fiɗa. In zagaye fatar ƙafafun sama a gwiwa, in tsaga ta cikin ƙafa zuwa tsagar tsakiya, in feɗe gefen sama gaba ɗaya har in wuce ƙashin baya kaɗan. Fatar da ɗuminta ta fi saki. A awaza dunƙulen hannu ya fi wuƙa aiki, kuma ba ya huda fata. Fatar da na feɗe ina shimfiɗa ta a bayan dabbar, gashi ƙasa, ita ce tabarmar da zan ɗora nama.

Karfata ba ta da gaɓar ƙashi da ta haɗa ta da jiki, tsoka ce kawai ke riƙe da ita. Ƙara jan igiyar ƙafar, ka yanka ta hammata kana bin jikin haƙarƙari, za ta ɗago har allon kafaɗa ya rabu. Cinya ce mai wuya. Daga ciki nake shiga, in bi jikin ƙashin ƙugu da wuƙa har in kai gaɓar kwankwaso. In ƙara tamke igiya, ƙafar ta buɗe, kan ƙashin mai kama da ƙwallo ya leƙo. Akwai gajeriyar jijiya da ta riƙe shi a cikin kwaminsa, da an yanke ta cinya ta saki. Sai a bi ta baya a gama raba naman da ƙashin ƙugu. A nan a kula, kilo 30 ne zai faɗo lokaci guda, in ba igiya a jiki cikin rairayi zai sauka. Ƙafar ƙasa a gaɓa ake cire ta da wuƙa, amma a bar agara lafiya, ita ce maratayi. Naman gadon baya kuma a tsaga shi a jikin ƙashin baya daga ƙugu zuwa wuya, a ɓare shi dogo guda. Haƙarƙari goma sha uku ne kowane gefe. Ta ƙirji guringuntsi ne, wuƙa na yanka shi. Ta baya ne ake sa barandami, sara ɗaya a kowane ƙashi, domin yawan sara ke cika nama da ɓaraguzan ƙashi. Kai ma ba ya bukatar gatari: a yanke nama a zagaye bayan kunnuwa, a murɗa ƙaho, gaɓar farko ta wuya za ta buɗe.

Juyawa ita ce abin da mutane suka fi tsoro, alhali a wannan lokaci abin da ya rage bai kai rabin nauyin farko ba. In miƙe fatar da na feɗe sosai a bayan dabbar. In ɗaure ƙafafun ƙasa biyu, na gaba da na baya, in haɗa igiyoyinsu wuri ɗaya, in ketara da su ta kan gawar zuwa turken baya, in ja da ninkin nan. Ƙafafun ƙasa ake ja, su ne ke mirgina jiki. In ta tsaya a tsakiya, doguwar sanda mai kamar mita biyu da rabi a ƙarƙashin ƙugu, dutse ko gungume a matsayin matashi kusa da dabbar, a danna. Kowane ɗan ɗagawa a cusa dutse a ƙarƙashi kafin a sake kamu, don kada abin da aka samu ya koma. Sa mai tozo ba ya mirginawa ta baya da daɗi, tozon ke tokarewa. Ko a cire tozon tun a gefen farko, ko a haƙa masa rami. Gawar za ta sauka a kan fatarta, sai a maimaita aikin a ɗaya gefen. Kada a manta da tsoka biyu masu laushi da ke kwance ta ciki a gefen ƙashin baya, kusa da ƙoda.

Rataye dabba sukutum a itace, ni ban ga amfaninsa ga mutum ɗaya ba in ta wuce mazo. Igiyar da aka jefa a kan reshe ba ta ƙara ƙarfi ko kaɗan, juya hanyar ja kawai take yi, ta kuma ci wani abu a goga. Mai kilo 65 ba zai ɗaga abin da ya kai nauyinsa ta haka ba, shi ne zai tashi sama. Da kurar rijiya biyu, ɗaya a reshe ɗaya a jikin kaya, kilo 70 zai zo hannu kamar 40. Wasu kan ninka igiya biyu su zura sanda a tsakiya su riƙa murɗawa. Yana ɗagawa, amma sandar nan in ta kuɓuce juyawa take da ƙarfin da ke fasa haƙori. Gunduwa-gunduwa nake ratayewa, kowace da igiyarta, kusa da gindin reshe. Tsamiya, ƙirya da marke na riƙewa. Reshen kuka ruwa ne a ciki, ɓallewa yake yi ba gargaɗi, na bedi ma ba abin yarda ba ne. Gawo da rani yake da ganye, don haka inuwarsa na nan a lokacin da aka fi bukata, sai dai a kula da ƙaya. Inda ba itace, sanduna uku masu mita uku-uku a ɗaure kansu a buɗe ƙafafun, ya isa ɗaukar cinya biyu.

Nama daga ciki yake fara lalacewa, wajen ƙashi mai kauri. Jikin dabba na da zafin digiri 38 zuwa 39, kuma tsakiyar cinya na riƙe wannan zafin awanni. Shi ya sa nake tsaga kowace cinya ta ciki har ƙashi, in buɗe ta iska ta ratsa. Wanda ya bar ta a dunƙule ya cusa a buhu, gobe zai tarar waje lafiya, jikin ƙashi ya yi kore yana tsami. Minti 30 zuwa 40 a rataye a inuwa, saman naman zai bushe ya yi ɗan ɓawo, ƙuda ba ya samun wurin ajiye ƙwai sai a lunguna masu danshi, nan za ka duba. Leda da buhun roba gumi suke sa nama. Buhun taki ko wanda aka taɓa zuba maganin ƙwari a ciki, ko an wanke, ban da shi. In shimfiɗar ganye za a yi, kalgo ko sabara, kada a kusanci tumfafiya saboda ƙaiƙayin nononta. Rairayin da ya manne a nama ba ya wankuwa, a bari ya bushe a shafte wurin da wuƙa.

Wajen ɗauka, ba na ɗaga gunduwa daga ƙasa zuwa kai a tashi ɗaya. Tunda a rataye take, sai in sa gammo in shiga ƙarƙashinta in sassauta igiya. In a ƙasa take, in durƙusa in rungume ta a ƙirji, in miƙe da ƙafafu baya a miƙe, in ɗora a kan suri ko kututture, daga nan zuwa kai. Juya ƙugu da kaya a hannu shi ke kama baya, a juya da ƙafa. A kan babur, cinya ɗaya kowane gefe a buhu, a rataya su ƙasa-ƙasa, abin da ya rage a kan kujera, kada jimla ta wuce kilo 70 zuwa 80 in hanyar rairayi ce. Sawu biyu zuwa uku ke nan. Jingina babur a jikin itace kafin lodi, ƙarfen da yake tsayawa a kai nutsewa yake yi a yashi ya kayar da shi da an ɗora gefe ɗaya. Jan gawa sukutum da babur kuwa ƙona kuloci ne kawai, tayar baya ta yi ta haƙa rami. Jaki da mangala na ɗaukar kilo 50 zuwa 60 in an daidaita gefe da gefe. Kayan ciki ke tafiya a sawun farko, su suka fi saurin lalacewa. Abin da zai jira a rataye shi sama da mita biyu saboda karnuka da dila, a lulluɓe da buhu saboda shirwa.

Duk tsawon aikin, wuƙa ba ta kallon cinyata. Babbar jijiyar jini na bi ta cikin cinya, in ta yanku mintuna kaɗan ne, kuma babu kowa kusa. Maiƙo da jini na sa ƙota santsi, ina goge hannu da ƙasa ko tsumma a kai a kai, wuƙar da ba ta aiki kuma kube take komawa, ba a soka ta a jikin nama a manta. Kaska na barin gawa da ta fara sanyi ta hau mutum, a duba jiki bayan an gama. Tun kafin in fara ina kiran gida in faɗi inda nake. A yammacin jihar Katsina, wajen dajin Rugu da ƙauyukan Safana, Batsari da Ɗanmusa, halin tsaro bai bar wa mutum ɗaya zaman awa uku a daji ba, komai darajar naman.

In dare ya yi ko abin hawa ya gagara, ba a barin nama a dunƙule ya kwana da zafi. A zare ƙashi, a yanyana naman falle-falle kada kaurinsa ya wuce yatsa, a shafa gishiri, a shanya a kan igiyar nan mai mita 15 tsakanin itace biyu. Da hunturu iska kaɗai ta isa. Da damina sai banda: a kafa gwafa huɗu, a jera ɗanyun sanduna kamu biyu sama da garwashi, wuta kaɗan hayaƙi da yawa, ana juyawa. Hanta da ƙoda a gasa su a daren. Fata kuma a kankare kitse da naman da ya manne, a zuba mata gishiri ta ciki har gefuna, a ninke ta nama na kallon nama, a ɗora a kan reshe. In ganda za a yi da ita, a kai ta gida da wuri a babbake. In ƙirgi ake so, washegari a buɗe ta a kafe da ƙananan turaku a inuwa, domin rana tsaka na busar da samanta ta bar cikin da danshi, daga baya gashi ya riƙa zubewa.